Me Ya Canja Tsakanin Jiya da Yau?

An ɗauke wuta a daidai lokacin da koren layin da ke fuskar kwamfuta ya kusa kai rabi. Kwamfutar tsohuwa ce, batirinta ya daɗe da daina riƙe caji, saboda haka tana rasa wutar bango sai ta mutu nan take. Saurayin ya zauna cikin duhu a shagon kawunsa, a gefen kasuwar Birnin Konni, bai ko motsa ba. Iskar hunturu tana kaɗa kwanon rufi, daga nesa kuma janareton wani mai shayi ya fara tari. Daren Litinin ne. Ranar Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, manoman albasa za su zauna, shi kuwa ya riga ya yi musu alkawarin hotunan gonakinsu daga sama.

A kan teburin akwai wani ɗan allo mai kusurwa huɗu, faɗinsa bai kai santimita 4 ba. Shi ne allon sarrafa tashi, wato ƙwaƙwalwar jirgi mara matuƙi mai farfela huɗu da saurayin ya shafe watanni yana haɗawa. Jirgi irin wannan ba ya iya tsayuwa a iska da ikon kansa. Da za a bar injunansa huɗu su juya yadda suka ga dama, da ya kife kafin a ƙifta ido. Allon ne ke riƙe shi. A jikinsa akwai ma'aunin juyi da ke jin duk wata karkata sau dubbai a daƙiƙa ɗaya, sai ƙwayar lissafi da ke tsakiya ta ƙara wa wannan inji gudu, ta rage wa wancan, har jirgin ya daidaita. Ƙwayar da ke kan allon saurayin sunanta STM32F405, ƙirar kamfanin STMicroelectronics, wanda aka kafa a 1987 da haɗewar wani kamfanin Italiya da wani na Faransa. Agogonta na bugawa sau miliyan 168 a daƙiƙa.

Duk da wannan gudu, ƙwayar ba ta san komai ba sai abin da aka rubuta mata. Rubutun nan shi ake kira manhajar ciki, domin a cikin ma'adanar ƙwayar yake zaune, ko an cire wuta ba ya gogewa. Wadda saurayin yake amfani da ita ita ce Betaflight, manhajar kyauta da masu sha'awa daga ƙasashe da dama suke haɗuwa suna rubutawa tun 2015. Tana da asali kamar ɗan'adam: daga Cleanflight ta fito, ita kuma daga Baseflight, ita kuma daga MultiWii, wadda masu ita suka fara da ma'aunin juyi da suka ciro daga abin wasan yara na kamfanin Nintendo. A farkon 2023 aka fitar da zubi na 4.4, wanda aka gyara tsarin ceton jirgi a cikinsa ƙwarai: idan sadarwa ta yanke tsakanin jirgi da mai tuƙa shi daga ƙasa, jirgin zai bi na'urar GPS ya komo inda ya tashi. Gonakin da za a ɗauka suna da faɗi, saurayin kuwa ba ya da jirgi na biyu. Wannan ne ya sa ya sayi GPS, wannan ne kuma ya sa ya zauna a daren Litinin don sabunta manhajar.

Kuɗin allon ba nasa ba ne. Yayarsa ce ta kwashi adashi ta ba shi rance, ba tare da ta fahimci abin da zai saya ba, ta ce dai ta ga idonsa a kan abin. Idan allon ya mutu, wani sai an yi odarsa daga ƙetare, a jira makonni, a kuma nemo wani kuɗin. Su kuma manoman ba wasa ya tara su ba. Ƙasar Konni da Galmi, a jihar Tawa, ta yi suna da albasar da ake lodi zuwa Gana da Kwaddibuwa, kuma noman rani rayuwarsa ruwa. Waɗanda gonakinsu ke ƙarshen magudana suna cewa na sama suna tare musu ruwa da dare, na sama suna rantsuwa ba su taɓa ba. Dattawa suka ce a dubo magudanar daga sama, tun daga kai har wutsiya, kowa ya gani da idonsa. An nemo izinin hukuma, an sa rana.

Tun da yammacin Litinin ɗin saurayin ya sha wata wahala, wadda daga baya ta zame masa tarko. Allon yana da fuska biyu a wurin kwamfuta. Idan manhajar ciki tana aiki, yakan bayyana a matsayin kafar sadarwa mai suna COM da wata lamba, Windows 10 kuma takan gane shi ba tare da taimako ba. Idan kuwa za a rubuta masa sabuwar manhaja, sai ya shiga wani hali da ake kira DFU, ya gabatar da kansa da wata lambar shaida dabam: 0483:5740 a halin farko, 0483:DF11 a hali na biyu. A wurin kwamfuta waɗannan baƙi biyu ne, kowanne yana bukatar tafintansa, wato ƙaramar manhajar nan da ake kira direba. Baƙo na biyu ba shi da tafintan da ya dace, saboda haka saurayin ya yi awa biyu yana fama, har ya gano wata manhaja mai suna Zadig, ya ɗora direban WinUSB, allon ya bayyana. Ya ji daɗin wannan nasara sosai. Cikin jin daɗin ne ya zaɓi a share ma'adanar ƙwayar gaba ɗaya kafin a rubuta sabuwa, ya danna, layin ya fara tafiya, aka ɗauke wuta.

Ranar Talata wutar ba ta dawo ba sai bayan la'asar. Zaman jira ya dame shi, sai ya ce bari ya rage aiki. Yana da ƙarfen narka dalma da ke aiki da batirin jirgin, ya ɗauko shi ya liƙa wayoyin GPS guda huɗu a jikin allon: biyu na wuta, biyu na saƙo, a kafar da aka rubuta wa lamba 3. Aikin ya yi kyau, dalmar ta kwanta sumul. Da wuta ta dawo ya kunna kwamfuta, ya miƙa hannu ya ɗauki igiyar USB da ke kan teburi, ya jona. Ƴar jar fitilar da ke kan allon ta kama. Kwamfuta ba ta yi ƙara ba, ba ta nuna komai ba. Bai damu ba tukuna, domin ya san allon da aka share ba zai bayyana a matsayin COM ba, tun da manhajar da ke yin wannan magana ta tafi. Ya cire igiyar, ya danne ɗan maɓallin da ke gefen allon, ya sake jonawa yana danne da shi, kamar yadda ake yi don tilasta wa allo shiga DFU. Shiru.

Hausawa suna cewa wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Direba ne ya sare shi jiya, don haka direba ya zarga yau. Ya buɗe Zadig, allon ba ya cikin jerin. Ya goge direbobi, ya sake ɗora su. Ya sauko da wata manhaja ta kamfanin ImpulseRC da aka yi musamman don gyara wannan matsala, ta yi ta neman allon ba ta same shi ba. Ya canja kafar USB daga dama zuwa hagu, ya kashe kwamfuta ya kunna, ya danna maɓallin har yatsansa ya yi ja. Da safiyar Laraba ya ari igiyar wani maƙwabci mai sayar da katin waya, ya gwada sau ɗaya, bai ga canji ba, ya mayar masa, ya ce a ransa to ba igiya ba ce. Ya koma kan direba. Zuwa la'asar ya fara shirya kalmomin da zai faɗa wa yayarsa, yana juya su a baki, babu wadda ta yi daɗi.

Kawunsa yana can ƙuryar shago duk wannan lokaci. Mai gyaran rediyo ne tun zamanin kaset, idonsa ya fara rauni, bai taɓa riƙe jirgi mara matuƙi ba, bai kuma san mene ne direba ba. Ya ajiye rediyon da ke hannunsa ya ce:

"Kai yaro, tun jiya nake ganinka kana dukan wuri ɗaya. Me ya canja tsakanin ranar da abin nan ya yi magana da ranar da ya yi shiru?"

"Wuta aka ɗauke, Kawu."

"Wannan na sani, ina nan aka ɗauke ta. Bayan ita fa?"

"Babu komai."

"Babu komai ba amsa ba ce. Ɗauko takarda."

Ya ɗauko bayan wata tsohuwar kalanda. Layi na farko ya rubuta yankewar wuta. Ya tsaya yana duban teburin, sai idonsa ya faɗa kan igiyar. Tasa baƙa ce mai kauri, wannan kuwa fara ce siririya. Sai a lokacin ya tuna autarsu ta shigo da safiyar Talata tana neman abin da za ta yi wa wayar Inna caji, ta ɗauki tasa, ta ajiye masa ta wata tocila mai caji. Bakinsu iri ɗaya ne, ita ba ta ga bambanci ba, shi ma bai gani ba. Ya rubuta layi na biyu. Da ƙyar ya rubuta na uku, wato GPS, yana cewa a ransa wannan ba ruwanta da USB.

"Igiyar ma na gwada wata ɗazu, Kawu, ba ta yi ba."

"Da me ka gwada ta?"

"Da allon."

"Ka auna abin da kake zargi da wani abin da kake zargi. In kana son sanin lafiyar igiya, jona ta da abin da ka tabbata lafiyarsa ƙalau."

Suka ɗauko wata tsohuwar wayar salula mai irin wannan baki, suka jona ta da kwamfuta ta farar igiyar. Wayar ta fara caji, kwamfuta ba ta san an yi ba. Tsohon ya karɓi igiyar, ya sa reza ya tsaga fatarta, ya ɗaga ta wajen haske. Sili biyu ne kawai a ciki, ja da baƙi. Cikakkiyar igiyar USB irin wannan sili huɗu take da su: ja mai kawo wuta bolt 5, baƙi mai mayar da ita, sai fari da kore masu ɗaukar saƙo. Masu ƙera igiyar caji mai araha sukan bar biyun ƙarshe don rage kuɗin tagulla, kuma daga waje babu alamar da ke nuna haka. Ga dalilin da ya sa fitilar allon take kamawa, tana ruɗinsa cewa an jona: wuta tana isa, magana ce ba ta da hanya. Aka aika yaro gida ya karɓo baƙar igiyar. Da aka jona wayar da ita, kwamfuta ta yi ƙara, wayar ta tambaya ko za a kwashi hotuna. Tsohon ya ciro jan zare daga aljihu ya ɗaura wa igiyar, ya ce daga yau kowa ya san ta.

Saurayin ya danne maɓallin, ya jona allon da igiya mai jan zare, zuciyarsa tana bugawa. Babu abin da ya bayyana. Ya saki maɓallin ya jingina da bango.

"Kun gani, Kawu? Na ce ba igiya ba ce."

"Igiya ce. Sai dai ba ita kaɗai ba ce."

A nan ne wahalar kwana biyun ta samo tushe. Idan lahani ɗaya ne ya tare hanya, gyara shi yakan zo da lada nan take: abu ya tashi, mai gyara ya san ya dace. Idan kuwa lahani biyu suka jeru a hanya ɗaya, kowanne yana rufa wa ɗan'uwansa asiri. Mutum zai gyara na farko, ya ga shiru bai gushe ba, ya ɗauka gyaran banza ya yi, ya mayar da abu yadda yake. Haka ta faru da igiyar maƙwabci da safe: lafiyayya ce, amma wani abu can gaba ya hana ta nuna lafiyarta, sai aka mayar da ita aka komo kan gurguwa. Mai gyara ba ya tsira daga wannan sai ya tabbatar da kowace gaɓa ita kaɗai, ya ajiye ta a gefen waɗanda aka wanke, ba zai sake komawa kanta ba ko da shiru ya ci gaba.

Tsohon ya ɗauko mitarsa, wadda ta girmi saurayin. Suka auna wutar da ke shiga allon, bolt 5 tana nan. Suka auna wadda ke isa ga ƙwayar bayan an rage ta, bolt 3.3 tana nan. Wannan ya nuna babu abin da ya ƙone a hanyar wuta. Suka cire igiyar, suka leƙa cikin kafar USB da tocila, suka ga ƙurar hunturu ta taru, suka share ta da tsinken sakace, suka girgiza kafar a hankali don jin ko dalmar da ke riƙe da ita ta tsage, domin irin wannan ƙaramar kafa takan ɓalle idan ana yawan fizgar igiya. Tana nan daram. Aka sake gwadawa, shiru. Saura layi ɗaya a bayan kalanda.

"Wannan ba ta da alaƙa da USB, Kawu. Hanyarta dabam."

"Ni ban san aikinta ba, ɗana. Na dai san ran Litinin babu ita."

Ransa bai so ba, domin liƙin ya yi kyau. Ya kunna ƙarfen dalma, ya taɓa waya ɗaya tak, wadda ke kawo saƙo daga GPS zuwa allon, ya ɗage ta. Ya danne maɓallin, ya jona. Kwamfuta ta yi ƴar ƙarar nan da ya kwana biyu yana jira, a jerin na'urori kuma suna ya fito: STM32 BOOTLOADER. Ya daɗe yana kallon rubutun. Tsohon ya koma kan rediyonsa.

Abin da ya faru yana da bayani, kuma saurayin ya bi shi daga baya har ya fahimta. A cikin kowace ƙwayar STM32 akwai wata ƙaramar manhaja da aka rubuta tun a masana'anta, a wani sashe na ma'adana da rubutun mai amfani ba ya taɓawa. Ana iya kiranta manhajar farkawa. Sharewar da aka yi ran Litinin ba ta kai gare ta ba, yankewar wuta ma haka. Maɓallin da ke gefen allon aikinsa ɗaya ne: yana ɗaga wata ƙafar ƙwayar mai suna BOOT0 a lokacin da wuta ke shigowa, sai ƙwayar ta tashi ta kan manhajar farkawa maimakon manhajar ciki. Shi ya sa da wuya rubutun da ya yanke ya kashe irin wannan allo har abada. Allo yakan mutu da gaske ne idan wuta ta ƙona shi, ko aka juya masa batir, ko dalma ta haɗa abin da bai kamata ya haɗu ba.

Sai dai manhajar farkawa ba ta USB kaɗai take sauraro ba. An yi ta ne don masana'antu iri-iri, saboda haka idan ta tashi takan kasa kunne a ƙofofi da yawa lokaci guda, ciki har da kafar sadarwa ta 1 da ta 3 da kuma USB. Ƙofar da aka fara ƙwanƙwasawa ita take buɗewa, ta rufe sauran har sai an sake kunna ƙwayar. Kamfanin da kansa ya yi gargaɗi a takardar bayaninsa mai lamba AN2606 cewa a bar ƙofofin da ba a bukata cikin natsuwa a wannan lokaci. Ita kuwa GPS da zarar ta samu wuta take fara aiko da saƙonni, tun ba ta ga tauraron ɗan'adam ko ɗaya ba, kuma saurayin ya liƙa ta ne a wurin da ke samun wuta daga USB, a kafa ta 3. Duk sa'ad da ya jona igiya, GPS takan farka tare da ƙwayar ta riga kwamfuta magana, manhajar farkawa ta juya gare ta, ta zauna jiran umarni daga wadda ba ta da umarnin bayarwa. Na'urar karɓar saƙon tuƙi ma takan yi haka idan ta faɗa a ɗaya daga waɗannan kafofi.

A wannan karon bai yi gaggawa ba. Ya je ya roƙi maƙwabcin nan ya ja masa wuta daga batirinsa na hasken rana, don kada a maimaita daren Litinin. Zubi na 4.4 ya zo da wani sabon tsari: ba a sauko da manhaja gamammiya, sai mutum ya zaɓi sunan allonsa da abubuwan da yake so a ciki, a harhaɗa masa ita a wata kwamfuta ta intanet, sannan a aiko masa. Ga wanda sadarwarsa ke rarrafe wannan jarrabawa ce, sai da ya jira bayan sha biyun dare layi ya sake. Ya duba sunan allon a kwalinsa, ya duba wanda aka buga a jikinsa, ya gwada su da wanda ya zaɓa harafi bayan harafi, domin alluna da yawa suna da ƙwaya iri ɗaya amma ƙafafunta ba wuri ɗaya aka kai su ba, kuma manhajar wani allo takan sa a rasa ma'aunin juyi ko injuna su ƙi amsawa. Ya tabbata GPS tana cikin abubuwan da za a harhaɗa. Da manhajar ta iso ya ajiye kwafinta a kwamfuta, yadda gobe ba sai ya nemi intanet ba. Sannan ya ɗora kofin shayi a kan igiyar don kada ta motsa, ya danna. Layin ya share, ya rubuta, ya tantance, ya kai ƙarshe. Allon ya sake tashi, kafar COM ta bayyana, hoton jirgi ya fito a fuskar kwamfuta. Ya karkata allon hagu, hoton ya karkata hagu.

Akwai abin da bai dawo ba. Kafin a share allo, akwai umarni ɗan gajere da ake rubutawa, diff all, wanda ke fito da duk saitin da mutum ya canja don ya adana shi. Ran Litinin murnar nasarar direba ta mantar da shi. Saitin watanni ya tafi: wace kafa ce ta wace na'ura, wane maɓalli ne ke kunna injuna, yadda ya daidaita jirgin har ya daina rawa a iska. Ko da ya adana, ba a zuba saitin tsohon zubi cikin sabo ido rufe, amma da ya samu abin dubawa. Ranar Alhamis gaba ɗaya a nan ta tafi. Ya cire farfela huɗun kafin ya jona batir, domin injin da ya tashi ba zato a kan teburi yana iya yanke yatsa. Ya gwada injunan ɗaya bayan ɗaya, ya tabbatar da jerinsu da inda kowanne ke juyawa. Ya mayar da GPS kafa ta 6, wadda manhajar farkawa ba ta sauraro, sannan ya sake gwada maɓallin nan don ya ga DFU tana fitowa da GPS a liƙe. Ta fito. Da la'asar ya fita bayan gari, ya jira GPS ta kama taurari 8, wanda shi ne mafi ƙarancin da tsarin ceto ke nema, ya tashi jirgin a fili marar mutane, ya danna maɓallin ceto da gangan. Jirgin ya ɗaga sama, ya juyo, ya nufo shi.

Da sanyin safiyar Juma'a, kafin iska ta taso da hazo, ya bi magudanar daga kai har wutsiya da batir uku. Hotunan sun nuna wani baƙin tabo mai faɗi a bayan wata ƴar sarƙaƙiya, inda gefen magudanar ya zube ruwa yake tsiyaya cikin ƙasar da ba ta kowa ba. Sun kuma nuna wani ɗan yanka a gefen wata gona ta sama, wanda hannu ne ya yi shi. A wurin zaman kowane ɓangare ya nuna hoton da ya fi masa daɗi, aka ɗaga murya, dattawa suka tsawatar, aka tashi a kan cewa ran Lahadi za a fito gayya a toshe wurin da ya zube, maganar yankan kuma a bar wa mai unguwa. Rigimar ba ta ƙare a ranar ba. An dai biya saurayin abin da aka yi alkawari.

Da yamma ya je gidan yayarsa ya ajiye mata kashi na farko na bashin. Ta ƙirga, ta tambaye shi ko abin nasa yana aiki lafiya. Ya ce lafiya lau, Yaya. Bai ba ta labarin Laraba ba.

Da ya komo shago ya tarar kawunsa ya ajiye masa wani ɗan littafi mai bango shuɗi, irin wanda shi kansa yake rubuta rediyon mutane a ciki, da tsohuwar kalandar nan a ninke a tsakiya. Saurayin ya buɗe shafin farko ya rubuta kwanan wata, da sunan allon, da lambar zubin manhaja, da kafar da kowace na'ura take. Ya jona allon, ya rubuta diff all, ya adana abin da ya fito a wuri biyu. Sannan ya naɗe igiya mai jan zare, ya sa ta a aljihun tebur, ya kulle, ya jefa makullin a aljihunsa kafin auta ta shigo.